Oga yace in rinka kiran kwastomomin tsohon ofishina in janyo su, anya ba cin amana bane?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min da shawara kaina ya kulle. Ni akanta ne, shekara hudu nayi a wani kamfanin akantoci, nan na koyi aikin tun daga cike fom din haraji har na kai ana tura ni odit, wato binciken asusun kamfani, ni kadai. Wata bakwai kenan da na koma wani kamfanin da ya fi biya. Satin da ya wuce sabon ogana ya kira ni ofis yace kasuwa ta ja baya dole kowa ya kawo kwastoma, kuma tunda na san kwastomomin tsohon ofishina in rubuta masa sunayensu da lambar mai rike da kudi a kowane kamfani da abinda suke biya, sannan in fara kiransu daya bayan daya ince zamu yi musu aikin kasa da haka, in kuma dan nuna musu cewa can din akwai jinkiri da kurakurai. Yace duk wanda na kawo ina da kwamisho. Lambobin suna cikin wayata har yanzu kuma gaskiya ina bukatar kudin, ga iyali. Amma tsohon ogana ya rike ni kamar dan cikinsa. Wani abokina yace kasuwa ce kowa haka yake yi, wani kuma yace dokar aikinmu ma ta hana akanta kiran wanda bai neme shi ba. Wanne ne gaskiya? In na ki kuma ina tsoron aikina.

Wa alaikumus salam kanina. Na karanta sakonka har sau biyu kuma abu na farko da zan fada maka shine wannan nauyin da kake ji a kirji ba tsoro bane kawai, zuciyarka ce ta riga ta gano inda matsalar take tun kafin ka tambayi kowa. Abokanka biyu kowa ya rike rabin gaskiya ya saki rabi. Kiran mutumin da bai neme ka ba ka tallata masa aikinka, a wurare da yawa yanzu ba laifi bane. Amma ogan naka ba kira kadai ya nema a wajenka ba, ya nemi ka bude masa abinda aka baka amana a wani gida, wannan kuma babu wata kasa ko kungiyar akantoci da na sani da ta yarda dashi, ko a inda aka fi sakin mara wajen talla.

Bari in fara da maganar abokinka na biyu tunda ita tafi saukin warwarewa. Da can gaskiyarsa ne, akanta baya talla baya bin kwastoman wani, ana ganin abin kamar zubar da mutuncin sana'a ne, irin yadda likita ba zai tsaya kofar asibitin wani yana kiran marasa lafiya ba. A Amurka kungiyar akantocinsu AICPA ta dade da hana talla sai a 1978 ta sassauta, a Ingila kuwa sai 1984 aka bari akantoci suka fara talla. Shari'ar da aka fi ambata a wannan maganar ita ce ta wani akanta mai suna Scott Fane, ya taso daga jihar New Jersey inda ya saba daga waya ya kira shugabannin kamfanoni ya nemi su bashi lokaci, da ya koma Florida sai ya tarar hukumar akantocin jihar ta haramta hakan, shine ya kai kara, magana ta tafi har kotun koli, a 1993 alkalai 8 cikin 9 suka bashi gaskiya. Cikin hujjojin da kotun ta kawo harda cewa mutanen da akanta ke kira 'yan kasuwa ne da suka san ciki da wajen harkarsu, ba mutumin da ke kwance cikin tashin hankali bane da za'a rude shi da dadin baki, suna iya saurara suce a'a su ajiye waya. Amma kar ka dauka ko'ina haka ne, a Indiya har yanzu dokar akantocinsu ta 1949 tana lissafa neman kwastoma kai tsaye cikin laifukan sana'a. Shi yasa kafin komai ka bude littafin ka'idojin kungiyar da ta baka lasisi ka karanta sashen talla da neman aiki da idonka, kar ka tsaya akan "ance". Bayan na kungiya kuma akwai dokar kasa kan kiran talla da rike bayanan mutane, a Birtaniya misali akwai rajistar da mutum ko kamfani ke saka lambarsa don kar a dame shi da kiran talla, wanda ya kira lambar da ke ciki ya taka doka ko me yake sayarwa.

To mu dauka inda kake an yarda da kiran. Sauran abinda oga ya nema fa?

Yawancin kungiyoyin akantoci na duniya ka'idojinsu daga tushe daya suke, kundin da'a na hukumar IESBA mai tsara wa akantocin duniya ka'idojin aiki, kuma na tabbata ka karanta shi lokacin jarabawa ko da ka manta lambobin sashe. Ginshikai biyar ne, gaskiya, rashin son kai wajen yanke hukunci, kwarewa da kula da aiki, rike sirri, sai kyakkyawar dabi'a ta sana'a. Na hudun nan shine naka. Kundin ya fada karara cewa sirrin da ka samu ta dalilin aiki baka da ikon bayyana shi, baka da ikon amfani dashi don ribar kanka ko ta wani, kuma wajibcin baya karewa ranar da ka ajiye aiki, yana binka har sabon wajen. Abinda aka yarda ka tafi dashi shine kwarewarka, yadda ka iya daidaita asusu da takardar banki, yadda kake gane rasit din da aka kirkira, wannan naka ne har abada ba mai kwace maka. Amma cewa kamfani kaza yana biyan kaza a shekara, ko manajan kudinsu ya taba fushi saboda rahoto ya makara, ko suna da rigima da hukumar haraji, wannan ba kwarewa bace, abu ne da ka gani saboda an bude maka fayil an yarda dakai. Kudin da suke biya ma sirri ne na mutum biyu, na kwastoman da na tsohon ofishinka, kuma shine ainihin abinda ogan naka ke so, don in sunaye ne kawai ai yana iya samu a rajistar kamfanoni ko a intanet cikin awa daya. Abinda bazai samu a can ba shine lambar wayar mutumin da ke sa hannu da adadin da zai sauko kasa dashi, shi yasa ya kira ka kai, bai kira wanda ya fi ka dadewa a ofishin ba.

Ni abin ya taba faruwa a gabana shi yasa nake magana da zafi haka. Shekarun baya akwai wani yaro da ya yi aiki a karkashina, hazikin gaske, ya koma wani waje muka rabu lafiya har na rubuta masa takardar shaida mai kyau. Bayan 'yan watanni ina zaune da wani kwastoma mai harkar jigilar kaya muna duba takardun karshen shekara, sai ya ajiye biro ya dago ya kalle ni yace Hajiya yaronki ya kira ni jiya. Nace Allah sarki yana lafiya? Yace lafiya lau, sai dai ya fada min daidai abinda nake biyanku har da na aikin haraji daban, ya kuma ce ya san bashin bankin nan yana matsa min don haka ragin zai min amfani. Wallahi sai da naji kamar kasa ta tsage in shige, don maganar bashin nan ko matar mutumin ban tabbata ta sani ba. Abinda ya biyo baya shine nake so ka rike. Mutumin bai koma wajen yaron ba, cewa yayi wanda ya dauki sirrina daga teburinki ya kai teburin wani, gobe in ya bar can din wa zai kaiwa? Amma nima ban tsira ba, ya tambaye ni mutum nawa ne a ofishina suka taba bude fayil dinsa, kuma na ga yadda ya rinka rike wasu takardu daga ranar sai na tambaya sau biyu kafin ya bayar. Kira daya na minti biyar, yaron bai samu kwastoma ba, ni na rasa wani bangare na yardar da na dade ina ginawa, shi kuma mutumin ya koma gida da zullumin waye kuma ya san halin da yake ciki.

Akwai kuma abinda na ga baka lissafa ba, kana tunanin kiran nan zai tsaya tsakaninka da wayarka. A sana'ar nan kwastoma baya sauya akanta a boye. In wani ya amsa yace toh na yarda ku karbi aikin, kafin ku fara sai kun nemi izininsa, an fi so a rubuce, ku rubutawa akantan da ke rike dashi ku tambaya ko akwai wani dalili na sana'a da ya kamata ku sani kafin ku karba. A aikin odit wannan dole ne a kundin IESBA, a sauran ayyuka ma haka masu mutunci ke yi. Kaga kenan wasikar nan teburin wa zata sauka? Na tsohon oganka. Ta farko zai ce kaddara ce kwastoma na zuwa yana tafiya, ta biyu zai yi shiru, ta uku daga ofishin da kai ka koma wata bakwai da suka wuce ba sai an fada masa komai ba. Kuma kwastomomin da suka ki amsa maka, cikinsu akwai wadanda suka shekara goma dashi suna zuwa sunan 'ya'yansa, a ranar zasu kira shi su fada masa har kalmomin da kayi amfani dasu.

Sannan dan Allah yau din nan ka nemo takardar daukar aikin da ka sa wa hannu a tsohon ofishin, da duk wata takarda da ka sa wa hannu ranar barin aiki. Kamfanonin akantoci da yawa suna saka sharadin cewa in ka tafi bazaka nemi kwastomominsu ba na wani lokaci, wani wata shida wani shekara wani ma fiye, ga kuma sharadin sirri wanda shi bashi da wa'adi. Yawancinmu muna sa hannu ne muna murnar samun aiki bamu karanta ba. In sharadin na ciki kuma wa'adin bai cika ba, sunanka ne zai fito a takardar lauya, kuma in aka kai korafi kungiya lasisinka ne akan tebur. Oga zai iya cewa shi dai cewa yayi a nemo kwastoma bai ce a dauko sirrin kowa ba, kuma tunda a ofis ya fada maka da baki daga kai sai shi, da me zaka karyata shi? Karfin irin wannan sharadin a kotu ya danganta da dokar inda kake da yadda aka rubuta shi, don haka in ka ganshi ka kaiwa lauya ya karanta maka, ganin lauya sau daya yafi shari'ar shekara sauki nesa ba kusa ba.

Maganar ka nuna musu ana jinkiri da kuskure a can kuwa bazan ja ta ba. Kundin ya hana abu biyu a talla, kambama kanka fiye da abinda kake, da kushe aikin wani ko kwatanta kanka dashi ba tare da hujja ba. In ma kuskuren gaskiya ne a fayil ka ganshi, ka koma kan sirri kenan. Kuma ka tuna shekara hudu hannunka na cikin aikin da ake so ka kushe, kwastoma mai hankali zai ce to ai kai ne kake zuwa mana odit din.

Ragin kudi shi ba haramun bane, kundin ma ya fadi cewa neman kasa da abinda wani ya nema ba rashin da'a bane a karan kansa. Inda gizo ke sakar shine in kudin yayi kasan da bazai dauki aikin ba. Odit awanni ne na mutane, kirga kaya a sito, aikawa banki da masu bashi wasikar tabbatarwa, bin samfurin rasit daya bayan daya, in aka karbi aikin sati uku a kudin sati daya to wani abu za'a tsallake, kuma wa kake tsammani za'a ce ya rufe fayil din ranar Juma'a ko ya gama ko bai gama ba? Kai da ka kawo kwastoman. Wasu kamfanonin suna yi ne da niyyar su shiga da araha shekarar farko su kara kudi a ta biyu ko su cike gibin da wasu ayyukan, tsohuwar dabara ce an dade ana rubutu akanta, kuma matsalarta shine akantan da ya shiga da asara yana jin tsoron fadawa kwastoma gaskiya mai daci kar a kore shi kafin ya maida kudinsa. Ga wani abin da kwarewa ta koya min, wanda ya fi saurin cewa "ku zo gobe" in an kira shi ba tare da ya nema ba, sau da yawa ba araha yake bi ba, ko akantansa na binsa bashin kudin aiki, ko akantan ya ki sa hannu akan wani abu yana neman mai saukin kai. Ruwa baya tsami banza. Wasikar da nace ana rubutawa tsohon akanta saboda irin wadannan aka kirkiro ta, in kwastoma yace kar ku tuntubi na da din, wannan kadai ya isa ku ja da baya.

Yanzu ga inda nake so ka yiwa ogan naka adalci, don bana so ka shiga ofishinsa kana kallonsa kamar azzalumi. Mutum ne da albashin mutane ke wuyansa karshen wata, kasuwa ta ja baya, ya duba ya ga hanya mafi kusa. Neman kwastoma ba abin kunya bane kuma kwastoma ba mallakin kowa bane, manyan kamfanonin akantocin nan hudu Deloitte da PwC da EY da KPMG kullum cikin zawarcin kwastomomin juna suke, lokacin da babban kamfanin akantoci Arthur Andersen ya rushe a 2002 bayan badakalar kamfanin Enron ai rububin kwastomominsa akayi, a Tarayyar Turai ma tun 2016 doka ce ta tilasta manyan kamfanoni irin na kasuwar hannun jari da bankuna su rinka sauya mai musu odit bayan wa'adi, asalin wa'adin shekara 10. Kwastoman da ake cajinsa da yawa ko ake masa aikin kasa da kima yana da hakkin ya ji cewa akwai wani zabin. Don haka in ka je kace masa kai baka neman kwastoma sam, ka bashi dalilin ganinka a matsayin kaya. Ka je masa da a'a akan abu daya da eh akan sauran.

Ni da nice kai ga yadda zan fada, cikin ladabi ba daga murya: Oga na yi tunani akan maganar nan, ina so in kawo kwastoma kuma zan yi, amma sunaye da kudin da na sani ta dalilin tsohon aikina bazan iya bayarwa ba, akwai ka'idar sirri kuma akwai takardar da na sa wa hannu, in suka kai kara ko korafi kungiya sunan kamfanin nan zai shiga ciki ba nawa kadai ba. Ka lura na sa kamfaninsa a ciki, don gaskiya ce kuma ita ce zata fi shiga kunnensa, shima lasisi gare shi kuma shi ke da alhakin abinda ma'aikatansa suka yi da sunan ofis. Sannan ka kara da cewa, oga yadda na rike nasu haka zan rike naka duk ranar da Allah ya raba mu. Mai hankali in yaji wannan zai gane ribarsa ce. Bayan kun gama ka tura masa dan gajeren imel kana godiya da lokacin da ya baka kana maimaita abinda kuka tsayar, ka ajiye kwafi a wajenka.

Kuma kar ka shiga hannu rabbana, ka shiga da tsarin inda zaka samo mutane. Sabbin kamfanonin da suka yi rajista bana basu da akanta tukuna, ba ka kwace na kowa ba. Kwastomomin da kuke dasu yanzu wadanda suka ji dadin aikinku, an taba tambayarsu ko suna da abokin harka da ke bukata? Mafi yawan aikin da na samu a rayuwata ta haka ya zo, wani ya fadawa wani. Lauyoyi da ma'aikatan banki kullum suna haduwa da dan kasuwan da ake nema masa rahoton kudi bashi dashi. Ko ka shirya dan zama na awa daya kyauta kan wa'adin haraji da takardun da ya kamata karamin kamfani ya rinka ajiyewa, mutum ashirin su zo uku su tsaya bayan an tashi suna tambaya, ukun nan sun fi lamba hamsin da aka kira ba shiri. In kuma kiran ne dai, kuma dokar wajenku ta yarda, to ka hada jerin daga abinda kowa ke iya gani, ka cire duk wanda ka taba yiwa aiki a tsohon ofis, ka kira ta lambar kamfani ba ta aljihun mutum ba. Ka fadi sunanka da na ofishinku tun a jimlar farko, kace muna aiki da kamfanoni irin naku a fannin kaza ko zaku bamu minti ashirin mu nuna muku abinda muke yi. In yace muna da akanta kace madalla, ba sai ka tambayi waye ba balle ka tabe baki, ka nemi izinin tura masa takardar bayaninku, in yace a'a kayi godiya ka rubuta a gaban sunansa kar a sake kira. Zaka sha a'a har ka gaji, haka abin yake, ba alamar ka kasa bace.

Tambayar da na san zata biyo baya, in su da kansu suka neme ni fa? Yana faruwa, mutum ya saba da hannunka ya ji ka tashi ya nemo ka. Wannan daban ne da kai ka bi shi, amma nan ma sai ka duba takardar nan don wasu sharuddan sun hana har karbar aikin ba nema kadai ba. In babu abinda ya hana, ka hada shi da oga, a yi masa kudi daga girman aikin ba daga abinda ka san yana biya ba, a rubuta wasikar yadda aka saba, kai kuma ka rike bakinka akan duk abinda ka sani na can. Amma kar ka yaudari kanka da kiran "gaisuwa" wanda kai ka san ba gaisuwa bace. Lambobin da suka shigo wayarka ta dalilin wancan aikin ni shawarata ka goge su, ka huta da jarabar duk daren da lissafin gida ya ki fita.

Wani abin kuma, na san zuciyarka zata raya maka ka je ka fadawa tsohon oganka abinda ake kullawa don ka wanke kanka. Kar ka yi. Ofishin da kake yanzu shima yana da hakkin sirri a kanka, abinda aka fada maka a dakin oga ba na kaiwa wani kamfani bane ko da mai kamfanin ya rike ka kamar da. Ka ci gaba da gaishe shi kamar yadda ka saba, ka je masa in abin alheri ko na jaje ya samu, maganar ofis ka barta a ofis. In kana bukatar wanda zaka fadawa, kungiyoyi da yawa irin ICAEW ta akantocin Ingila suna da layin shawara kan da'a na sirri ga mambobinsu, ka duba ko taku na dashi, ko ka samu wani babba a sana'ar wanda baya cikin ofisoshin biyu.

Bazan boye maka ba yana iya yin fushi, yana iya daure maka fuska na wata guda, kwamishon nan kuma ka cire shi daga lissafinka na yanzu, na san da iyali wannan ba karamar magana bace kuma ban dauke ta da wasa ba. Yawanci in ka kawo mutum daya ko biyu ta hanya mai tsabta maganar tana mutuwa da kanta. In kuwa ya kafe sai jerin nan ko ka bar masa aikinsa, to kar ka ajiye aiki cikin fushi, ka ci gaba da zuwa kana aikinka yadda ya kamata, ka rinka rubuta ranar da aka fada maka me, ka gyara takardunka ka fara nema a hankali, akanta mai shekara hudu da rabi da ya iya fita odit shi kadai kuma ba'a taba kai sunansa gaban kwamitin ladabtarwa ba baya dadewa a kasa. Ka fara da nemo takardar nan yau, in ka ga sharadin ka kwafo min kalmominsa yadda suke ba tare da sunan kamfanin ba, sai mu duba tare kafin ka shiga wajen oga. Allah ya warware maka, ya buda ta inda baka zata ba.